Atamfa: Yadda Aibin Inji Ya Zama Ado, Da Abin Da Ya Rufe Masaƙunmu

Wannan shi ne bayanin da ya zo a filinmu na tarihi. Mun zuba shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya, ko wanda batirin rediyonsa ya mutu, ya samu ya karanta ko a karanta masa.

Yau maganar atamfa za mu yi. Kada makiyayi ya ce wannan zancen ƴan kanti ne, babu ruwansa. In za a haɗa lefe, ko salla ta matso, wa ke jan bijimi zuwa kara? Kuɗin bijimin nan da yawansu a kan turmi suke ƙarewa. Kai kuma mai ɗauko dila daga Kwatano ko Lome, ka biyo da ita ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, ka san akwai turmin da kuɗinsa ya kai na rago, akwai kuma mai irin zanensa sak wanda ko kuɗin ɗan akuya bai kai ba. Me ya raba su? Amsar tana can cikin masana'anta, kuma labari ne na fiye da shekara 170.

Ka riƙe abu biyu tun yanzu, don za mu yi ta komawa kansu. Mai masana'anta yana sabunta aikinsa ta fuska biyu. Ko dai ya sabunta kayan da kansa, ya fito da abin da ido bai saba gani ba: sabon zane, sabon launi, yadi mai laushi. Ko kuma ya bar kayan yadda yake, ya sabunta hanyar yinsa: inji mai sauri, rini mai araha, aikin mutum goma ya koma na mutum ɗaya. Na farko mai saye yana ganinsa a kan tebur. Na biyu ba ya ganinsa, sai dai ya ji shi a aljihu. Na biyun nan shi ya fi karya ɗan kasuwa, don ba ya yin sallama kafin ya shigo.

Mu fara daga gida. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano. Ya rubuta cewa babban arzikin birnin tufafi ne na saƙar gida. A ƙiyasinsa, abin da ake kaiwa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara, duka cinikin tufar kuwa ya kai wuri miliyan 300. Manomi ya noma auduga, mata su yi kaɗi, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, sannan a kai mabuga. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi: saƙa sirara-sirara a ɗinke su, a rina har su yi baƙi, a shafa shuni, a buga har ya yi ƙyalli. Mutanen Kura ba don kansu suke wannan wahala ba. Buzayen Abzin da Agadas ke son sa haka, mai ƙyalli, mai barin shuni a fata, su kuma suka yi musu abin da suke so. Ka ga kenan sanin ran mai saye ba Bature ne ya kawo mana shi ba.

Shekara uku bayan zuwan Barth Kano, wani abu ya faru can a Holan wanda babu marinin da ya ji labarinsa.

A lokacin Holan ke mulkin tsibirin Jawa, cikin ƙasar da yau ake kira Indunusiya. Alhazai sun san mutanen Jawa a Makka. Suna da wata sana'a da suke kira batik. Mace ta zauna da ƴar ƙaramar butar tagulla mai siririn baki, ta riƙa ɗiga narkakken kaki a kan farin yadi, tana zana fure da ganye da tsuntsu. In aka tsoma a rini, duk inda kaki ya taɓa rini ba ya kamawa. Dabarar ɗaya ce da ta marinanmu masu ɗaure yadi da zare kafin su tsoma, sai dai su da kaki suke yi. Zane ɗaya mai kyau yakan ci watanni, saboda haka yana da tsada. Masu masaƙa a Holan suka duba, suka ce in inji zai yi wannan aiki a yini ɗaya, ai kasuwar Jawa ta zama tasu.

A 1846 wani attajiri, Pieter Fentener van Vlissingen, ya karɓi wata masana'antar buga yadi a garin Helmond. A 1854 kuma wani mai suna Prévinaire a garin Haarlem ya ɗauki wani injin buga zane na Faransa ya gyara shi, ya koma yana buga narkakken ƙaro a fuska biyu na yadi maimakon launi. Ƙaro ya maye gurbin kaki, inji ya maye gurbin hannun mace. Lura da kyau, kayan ba sabo ba ne, kwaikwayo ne. Hanyar yi ce sabuwa.

Sai dai injin yana da aibi. In ƙaro ya bushe, yadi na bi ta cikin ƙarafa, sai ya tsattsage. Shuni ya kutsa ta tsagar, ya bar wasu siraran jijiyoyi a inda ya kamata ya zama fari tas. Wajen wankewa ƙaron ba ya fita duka, sai ya bar ɗigo-ɗigo. In aka zo ɗora launi na biyu kuma, ba ya zama daidai kan layi, yakan ɗan zarce. Mutanen Jawa suka duba suka ce wannan aikin ganganci ne, ko ƙanshin kaki babu. Suka ƙi shi.

A nan akwai abin da ya kamata ka tsaya ka duba. Abin da ya tsare wa mutanen Jawa kasuwarsu ba ƙin kayan Bature kaɗai ba ne. Su ma sun canza hanyar aikinsu. A wannan zamanin ne hatimin tagulla ya yaɗu a wurinsu: maƙeri ya ƙera zanen da siraran tagulla, ma'aikaci ya tsoma hatimin a narkakken kaki ya danna a kan yadi, ya ɗaga ya sake dannawa. Abin da ke cin watanni ya koma ana gama da yawa a yini. Kaki nasu ne, ƙanshi nasu ne, zane nasu ne, farashi kuma ya sauko. Inji ya zo musu daga Turai, suka tare shi da ƙirar maƙeran garinsu, kuma har yau batik na nan a Jawa.

To ina Turawa za su kai kayan da aka ƙi? Za ka ji ana cewa sojojin Afirka ne suka kawo shi. Gaskiya ne tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi mutane wajen 3,000 daga Elmina, a ƙasar da yau ake kira Gana, ta kai su aikin soja a Jawa, wasu kuma sun dawo. Amma wanda ya mai da abin ciniki ɗan kasuwa ne irinka. Wani mutumin birnin Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, shi ya riƙa sayen kayan Haarlem yana kaiwa gaɓar Gana a shekarun 1890. Matan kasuwar can suka ɗaga yadin, suka ga jijiyoyin nan da ɗigo-ɗigon da aka raina a Jawa, suka ce wannan shi ne kyansa. Yadin yana da rai, babu zane biyu da suka zama ɗaya sak. Gani ga wane, abin da wani ya zubar wani ya tsinta.

Daga nan ne aikin shugabancin masana'anta ya fito fili. Injiniya in ka bar shi, burinsa ya kawar da aibi, don abin da aka koya masa kenan. Da masu kamfanonin Holan sun bi ta injiniya, da sun gyara injin ya daina tsaga ƙaro, da kuma sun kashe kasuwarsu da hannunsu. Sai suka saurari ɗan kasuwa, shi kuma ya saurari matan da ke saye. Maimakon su kawar da tsagar, suka koyi yin ta da gangan, daidai gwargwado. Suka gyara faɗin yadi da launi da zane don su dace da ɗaurin matan Afirka. Ga yadda aikin ya zauna: farin yadin auduga ya bi ta tsakanin manyan gangunan tagulla biyu da aka sassaƙa wa zane, su buga masa ƙaro ciki da waje. A tsoma shi a shuni. A murje shi ƙaron ya fashe, a wanke wani a bar wani. Sannan a ɗora sauran launuka ɗaya bayan ɗaya, wanda shekaru da yawa da hannu ake yi, da hatimin katako. Kamfanin da kansa yana cewa matakai 27 yadi ke bi kafin ya fito. Yanzu ka fara gane inda kuɗin ragon nan ke tafiya.

Kamfanin Haarlem, wanda shi ya fara buɗe kasuwar, bai ci ribar abin da ya shuka ba. Ya karye a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutanen Helmond suka saye gangunan tagullarsa, wato suka saye zanukan da mata suka riga suka sani. A 1927 suka fara amfani da sunan Vlisco, wanda mu muke kira Holan kawai. Wasu zanukan da kake sayarwa yau sun girmi kakanka.

Bari mu ɗan ratse zuwa shuni, don ya shafi karofi kai tsaye. Wani masanin haɗa magunguna a Jamus, Adolf von Baeyer, ya gano yadda za a haɗa shuni ba tare da ganyen baba ba, tun 1880. Amma ganowa daban, yi da araha daban. Kamfanin BASF ya yi shekara 17 yana neman hanyar da za ta biya, ya kashe kuɗin Jamus mak miliyan 18, fiye da jarin kamfanin na lokacin. Har da sa'a a ciki: wani ma'aunin zafi ya fashe a cikin tukunyar gwaji, ruwan zaiba da ke cikinsa ya zube, sai aka ga haɗin ya yi sauri. A 1897 suka fito da shunin kanti. A shekarar ana samun tan 19,000 na shuni daga ganye a duniya, mafi yawa daga Indiya. Zuwa 1914 ya koma tan 1,000. Launin bai canza ba ko kaɗan, shuɗi ne dai. Hanyar yinsa ce ta canza, manoman baba na Indiya suka wayi gari babu mai saye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da akoko da alawayyo na Manchester, daga baya rinin gwangwani ya biyo baya. Marina da yawa suka karɓe shi don ya fi sauri, karofin baba da toka suka yi ta raguwa.

Mu koma kan atamfa. Bature yana Helmond, bai san me ake ciki a gidan kishiyoyi ba. Wa ke gaya masa zanen da zai tafi? Matan babbar kasuwar Lome, waɗanda aka yi wa laƙabi da Nana Benz saboda motocin Marsandi da suke shiga. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 su ne idon kamfani da kunnensa. Mace za ta zaɓi zane, ta ce a canza mata launi kaza, ta biya, zanen ya zama ita kaɗai ke da izinin sayar da shi. Kamfani lamba kawai yake bugawa a bakin yadi, mata ne ke raɗa suna: idon kishiya, in ka fita in fita, miji mai hali, fensirin Nkrumah. Zanen da ya samu suna ya rayu, wanda bai samu ba ya mutu a kanti. In ka auna da kyau, rabin aikin ƙirƙirar atamfa a kasuwa aka yi shi. Arzikinsu ya kai har gwamnatin Togo takan ari motocinsu in za ta yi manyan baƙi.

Kamfanin ma bai kwanta ba. Da kwaikwayo ya fara yawa, a 1963 ya fara buga shaidarsa a bakin kowane yadi. A 1973 ya fito da sufa, mai siririn zare da saƙa mai tsauri, don masu son abin da ya fi na kowa. Wannan sabon kaya ne. A ɗaya gefen kuma, a 1963 ɗin dai, wani kamfanin injuna na Holan mai suna Stork ya fito da sabuwar hanyar buga launi: gangar ƙarfe mai ƙananan huji kamar rariya, launi na ciki, tana juyawa tana zuba shi a kan yadi da gudu. Babu ƙaro, babu tsomawa, fuska ɗaya kawai. Wannan hanya ita ta sa atamfa mai araha ta wadata, kuma ita ce daga baya ta zama makamin masu kwaikwayo.

Da aka samu ƴancin kai kowace ƙasa ta ce ita ma za ta yi nata. Sardauna Ahmadu Bello ya haɗa kai da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957. Nortex ta biyo baya, sai UNTL a 1964, ta wani attajirin Hong Kong mai suna Cha Chi Ming, sai Arewa Textiles da Japanawa. Unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, jiniya na tashi sau uku a yini. Kamaru ta kafa CICAM a 1965, ana kaɗi da saƙa a Garwa, ana buga zane a Duwala. Gana ta yi GTP a Tema da ATL a Akosombo. Cadi ta yi tata a Sarh, Nijar ta yi SONITEXTIL a Yamai. A shekarun 1980 ana ƙiyasta masaƙun Najeriya sun kai 175, da ma'aikata wajen 250,000.

Dattawan cikinku za su tuna lokacin da kaya ke tafiya ta fuska biyu a kan iyaka ɗaya. Najeriya ta haramta shigo da yadi, sai Holan ta riƙa sauka a Kwatano, ta hau zuwa Maraɗi da Ƙonni da takardar wucewa, ta tsallaka da dare zuwa Kantin Kwari. Alhazan Maraɗi da yawa a nan suka yi ƙarfi. Bayan 1986 kuma da Naira ta faɗi, atamfar Kaduna da ta Ikko ta yi araha ga mai riƙe da sefa, ta cika kasuwannin Damagaram da Marwa da Injamena, har masaƙun Yamai da Garwa suka ji a jikinsu. Sai ranar 12 ga Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Turmin Holan ya ninka kuɗi a dare ɗaya, matan Lome da yawa ba su sake miƙewa ba.

To me ya rufe masaƙun Kaduna? In ka tambayi tsohon ma'aikaci zai ce fasa-ƙwauri ne, wato ku. In ka tambayi ɗan kasuwa zai ce shi mai saye yake bi, ba shi ya ɗauke wuta ba. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma kada mu yi wa juna ƙarya, dilolin da suka tsallaka da dare sun yi ɓarna. Amma ka tambayi kanka: me ya sa kayan da ya hau jirgin ruwa wata guda, ya biya duwan a Kwatano, ya biya a Gaya, ya biya na kan hanya, har yanzu ya fi wanda aka yi a Kakuri araha? Amsar tana cikin hanyar yi. Masaƙa tana son wuta dare da rana, wutar gwamnati kuwa sai ta ga dama, dole kowace ta ƙona baƙin mai da gas a injinta. Wasu suna aiki da injunan saƙa na shekarun 1950 da 1960 masu jefa ƙoshiya, alhali a Asiya an koma masu harba zare da iska, waɗanda suka ninka su sauri. A shekarun 1980 samun kuɗin waje don sayen kayan gyara da rini ya zama wahala. Har ƙaramin abu ya yi tasiri: manomi ya zuba auduga a buhun roba, zaren robar ya gauraya da ita, shi kuma ba ya kama rini, sai yadi ya fito da farin zare a tsakiya. Haramcin shigo da kaya ya ba su inuwa ta shekaru, amma inuwar ba a yi amfani da ita wajen sabunta inji yadda ya kamata ba. A ganina wannan shi ne babban rashi. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, ita da ta iya atamfar ƙaro ta gaske.

A daidai lokacin ne Caina ta buɗe. Ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, a farkon 2005 kuma aka soke tsohuwar yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin yadi tsakanin ƙasashe. Su ba su ɓata lokaci wajen ƙirƙirar zane ba. Ɗan kasuwa daga Lome ko Kano zai ɗauki ƙyallen Holan a jaka ya kai musu, su sa a kwamfuta su kwafe, har da jijiyoyin da ɗigo-ɗigon, su buga da gangar nan mai huji. Abin dariya, aibin da Bature ya koyi yi da gangan yanzu hotonsa ake bugawa. Da farko kayan yana zuba a wanki ɗaya. Amma sun riƙa gyarawa shekara bayan shekara, har irin su Hitarget suka yi sunan kansu, mace ta nemi shi da sunansa ba tare da kunya ba. Ka tuna ita ma Holan ɗin da kwaikwayon Jawa ta fara. A 2015 marinan Kano suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarki suna kukan kayan Caina sun kwashe musu aiki.

Vlisco ta san ba za ta iya da su a farashi ba, kuma in ta bar ƙaro ta koma bugun fuska ɗaya ta zama ɗaya daga cikinsu. Sai ta riƙe tsohuwar hanyar yi, ta ƙara gudu wajen sabon kaya. Daga wajen 2006 ta koma fitar da sababbin zanuka sau huɗu a shekara, don kafin kwafi ya sauka daga jirgi an riga an wuce wurin. Ta buɗe shagunan kanta a manyan birane. A 2010 wani kamfanin zuba jari na Ingila mai suna Actis ya saye ta a kan dala miliyan 151, tare da GTP ta Gana da Uniwax ta Abijan. Kamfanin ABC na kusa da Manchester kuwa ya kwashe aikinsa ya mai da Akosombo.

Wannan gudun kai yake shafa, ɗan kasuwa. Da can in ka sayi dila kana iya ajiye ta shekara, kamar saniya a garke, ba ta faɗuwa. Yanzu kayan yayi wata uku ne ransa. In iyaka ta rufe da kai, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko motarka ta kwana biyu a hannun duwan, kafin ka iso kwafinsa ya riga ka shiga kasuwa a kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka na kuɗinka. Tsofaffin zanuka masu suna, waɗanda ake sa wa a lefe tun zamanin iyaye, su ne ke jure ajiya. Shawarata, kada ka zuba jarinka duka a kan yayi sai in kana da hanyar da za ka sauke shi da wuri.

Kai kuma mai sayen turmi da kuɗin dabbarka, ga abin dubawa. Juya yadin: atamfar ƙaro ta gaske rini ya ratsa ta, ciki da waje ƙarfinsu ɗaya. Sai dai yanzu masu kwafi ma suna buga fuska biyu, saboda haka kada ka tsaya nan. Shimfiɗa yadin ka zaɓi wata jijiya ko wani ɗigo, ka bi zanen zuwa inda ya sake maimaituwa. In ka ga jijiyar ta dawo sak a wuri ɗaya, hoto ne aka buga, don ƙaro ba ya tsagewa iri ɗaya sau biyu. Sannan zare zare ɗaya daga baki ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Takardar da aka manna da rubutun bakin yadi su ne abin da aka fi saurin kwafewa, kada su ruɗe ka. Ba laifi ba ne ka sayi ɗan Caina, mutane da yawa shi ya rufa musu asiri. Laifin shi ne a karɓi kuɗin Holan a ba ka shi.

Akwai kuma wata hanya da rufewar masaƙa ta shigo har cikin garke. In masaƙa na aiki, manomi yana noman auduga, injunan gurza irin na Funtuwa da Gusau da Malumfashi suna juyawa, angurya tana wadata, a matse mai a sayar maka da ƙuli-ƙulinta ka ba shanu da rani. Da masaƙun suka tsaya noman auduga ya ja baya a arewacin Najeriya, abincin dabba ya ƙara tsada. Makiyayan wajen Garwa da Marwa suna da ɗan sauƙi ta wannan fuska, saboda Sodecoton na nan tana sayen auduga tana matse angurya. Amma ko a can, da Cadi da Benin da Burkina da Mali, mafi yawan audugar ɗanya ake loda ta a jirgi, a kaɗa ta a saƙa ta a Asiya, wata ta dawo mana a turmi ta hanyar da ta bi ta fita. A ƴan shekarun nan Benin ta buɗe unguwar masana'antu a Glo-Djigbé, kusa da Kwatano, inda aka kafa sababbin injunan kaɗi da saƙa da ɗinki don a sarrafa audugar ƙasar a gida. Masu bin hanyar Malanbil zuwa Kwatano, in kun wuce ta wajen ku tambaya mana abin da suke fitarwa da farashinsa, ku aiko mana.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko shadda: yadda ake saƙa gezna a wani ƙaramin gari na ƙasar Ostiriya, a kai ta Bamako a rina a buga, sannan ta iso hannunku.